Dadasaheb Phalke: Furodusan da ya jinginar da gwala-gwalan matarsa don fim ɗin Indiya na farko

Aikin furodusa shi ne nemo kuɗi da 'yan wasa, kuma asara a kansa take faɗawa. Dadasaheb Phalke, wanda aka haifa a 1870, ya ɗanɗana wannan. Takardun inshorarsa ya jinginar ya tafi Landan a 1912 don koyon aikin. Wajen shirya Raja Harishchandra kuwa, gwala-gwalan matarsa Saraswatibai aka jinginar, kuma ita ke dafa wa ma'aikata abinci. Mata sun ƙi fitowa, dole wani ma'aikacin gidan abinci, Anna Salunke, ya fito a sarauniya. Fim ɗin ya karɓu a 1913, amma zuwan fina-finai masu magana ya durƙusar da Phalke. Ya rasu a Nashik a 1944 cikin talauci.