Mai shari'a Muhammadu Bello, 1930 zuwa 2004

An haifi marigayi Mai shari'a Muhammadu Bello a birnin Katsina a shekarar 1930, a gidan malamai masana shari'ar Musulunci. Ya yi karatun lauya a Lincoln's Inn da ke London, ya riƙe muƙamin daraktan shigar da ƙararraki na Jihar Arewa, sannan a 1975 aka naɗa shi alƙali a Kotun Ƙoli.

Aƙalla sau biyu rikicin kujerar shugaban ƙasa ya zo gabansa.

Na farko shi ne zaɓen 1979, wanda Alhaji Shehu Shagari na jam'iyyar NPN ya kara da Cif Obafemi Awolowo na UPN. Doka ta bukaci ɗan takara ya samu kashi 25 cikin ɗari na ƙuri'u a kashi biyu bisa uku na jihohi 19. Shagari ya samu a jihohi 12, ciki har da jiharsa ta Sakkwato, wadda a lokacin ta haɗa da Birnin Kebbi da Argungu da Augie, amma a Kano bai kai kashi 20 ba.

Bayan zaɓen ne gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta naɗa Atanda Fatai-Williams Babban Jojin ƙasa, abin da magoya bayan Awolowo suka yi ta ƙorafi a kai. A ranar 26 ga watan Satumba, Bello yana cikin alƙalai shida da suka tabbatar da nasarar Shagari, yayin da Kayode Eso ya saɓa musu.

A 1987 Janar Ibrahim Babangida ya naɗa shi Babban Jojin Nijeriya, ɗan Arewa na farko a wannan muƙami.

Wani karon ya zo ne a 1995, a shari'ar Cif Moshood Abiola da ke tsare bayan soke zaɓen 1993. Bello da wasu alƙalai bakwai suka janye daga shari'ar, saboda suna da ƙara a kan jaridar Abiola, wato Concord. Janar Sani Abacha bai naɗa isassun alƙalai da za su zauna ba, kuma Abiola ya rasu a tsare a 1998.

Wannan ya nuna cewa mai ikon naɗa alƙalai yana iya juya shari'a ko da ta hanyar ƙin naɗawa.

Bello ya yi ritaya a ƙarshen 1995, ya kuma rasu a watan Nuwamban 2004.