Marigayi Alhaji Musa Ɗanƙwairo Maradun

Mutumin da zan ba ku tarihinsa ya riga mu gidan gaskiya tun kafin a haife ni, amma na san muryarsa tun ban iya riƙe fartanya ba. Dalili kuwa shi ne kakana. Yana da 'yar gonar noman rani tsakanin Kura da Bunkure, inda ruwan madatsar Tiga yake biyo magudana yana shayar da tumatir da alkama da shinkafa. In ya zo ban ruwa sai ya rataye rikodarsa a reshen darbejiya, kuma kaset ɗaya ne kullum, na Ɗanƙwairo. Nakan tsokane shi da cewa shi da rikodar tasa duk sun tsufa, shi kuwa ya ce kunnena ne bai nuna ba.

An haifi Musa a shekarar 1909 a ƙasar Bakura, wadda a yau take cikin Jihar Zamfara. Kiɗa gadonsa ne, ba da rana tsaka ya tsince shi ba. Mahaifinsa Usman makaɗi ne, kuma a Maradun suka zauna ƙarƙashin Sarkin Kaya, shi ya sa sunan garin ya bi shi har kabari. Tun yana ƙarami yake bin mahaifinsa yana yi masa amshi. Masu ba da tarihinsa sun ce cikin yaran mahaifin akwai wani mai zaƙin murya da ake kira Ƙwairo, da aka ji muryar Musa ta yi kama da tasa sai aka laƙaba masa Ɗanƙwairo. Bayan rasuwar mahaifinsu wansa Kurna ne ya karɓi jagoranci, Musa ya zama Daudun Kiɗi, wato mai bi masa. Ashe wanda duniya ta sani a matsayin jagora ya daɗe ƙwarai yana tsaye a bayan wani.

Da kiɗan noma gidansu ya fara. A wancan zamani in an kira gayya, makaɗa sukan bi manoma kunya kunya suna zuga su, a yabi jarumi, a yi wa raggo zambo har kunya ta sa shi ya duƙa. Daga nan ya shiga waƙar fada da kotso, ganga mai fuska ɗaya wadda ake ratayawa a kafaɗa a buga da hannu. Sunansa ya game Arewa ne sa'ad da ya zama makaɗin Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello. Bayan an kashe Sardauna ranar 15 ga Janairu, 1966, bai ajiye kotso ba. Ya yi wa 'Yandoton Tsafe Aliyu, ya yi wa Sarkin Daura Muhammadu Bashar, ya yi wa Sarkin Kano Ado Bayero, da sauran sarakuna da attajirai masu yawa.

To, abin da ya fi ba ni sha'awa ga wannan bawan Allah ba yawan sarakunan ba ne, yadda yake waƙa da mutanensa ne. Mawaƙa da yawa su suke yin ɗan waƙa su kaɗai, 'yan amshi su jira har a zo gindin waƙa su maimaita. A gidan Ɗanƙwairo ba haka abin yake ba. Sai ya ɗauko magana, kafin ya kai rabi 'yan amshi sun karɓe ta daga bakinsa sun ƙarasa, wani lokaci har su yi ƙari, shi kuwa ya tsaya ya numfasa, sa'an nan ya sake faɗowa daidai inda ya kamata. Muryoyinsu sukan fita tare kamar daga maƙogwaro ɗaya, ga kotso yana tafe a ƙarƙashi, ga maroƙi yana jefa kirari ta gefe, kuma ba mai taka wani. Na yi ta sauraro ina neman inda wani zai riga wani ko ya makara, ban samu ba. Kakana ya ce irin wannan ba a koyonsa a wata ɗaya, sai mutanen da suka ci tuwo a akushi ɗaya shekara da shekaru, kuma da yawansu 'ya'yansa ne da danginsa.

Gaskiya akwai wahala ga ɗan Kano kamata. Hausarsa ta Zamfara ce, wasu kalmomin sai na tambaya, habaicin kuwa yakan wuce ni sam. Sa'an nan ba duk abin da yake faɗa game da sarakuna nake gaskatawa ba, domin mai neman doki da riga ba zai faɗi aibin mai bayarwa ba. Wasu abokaina a ɗakin kwana suna cewa kiɗan tsofaffi ne, sun fi son na zamani da ake haɗawa da kwamfuta. Na taɓa ce musu mu gwada, ni in ɗauko magana su huɗu su karɓa. Ba mu kai minti biyu ba muka rikice, ɗakin ya ɓarke da dariya.

Allah ya yi wa Alhaji Musa Ɗanƙwairo rasuwa a shekarar 1991, 'ya'yansa suka ci gaba da riƙe kotson. Allah ya jiƙansa.

A hutun da ya wuce kaset ɗin kakana ya tsinke, muka zaga kasuwar Kura ba mu sami mai gyara ba. Wana ya zuba masa waƙoƙin a waya, amma idonsa ba ya ganin rubutun. Saboda haka duk ranar ban ruwa ni nake zama a bakin magudana ina danna masa, yana fassara mini abin da ban gane ba. Mun gama guda shida kafin a koma makaranta.