Edward Jenner, Likitan Da Ya Samo Lambar Agana

A zamanin da, babu ciwon da mutane su ke tsoro kamar agana, wadda waɗansu ke kira 'yar rani. Idan ta shiga gari, sai ta bi gida gida. Takan fara da zazzaɓi mai zafi, da ciwon kai, da ciwon baya. Bayan kwana biyu ko uku sai ƙuraje su feso a fuska da hannuwa da ƙafafu, su cika da mugunya. Cikin mutum goma da ta kama, wajen uku sukan mutu. Waɗanda suka tashi kuwa sai ta bar su da zanzana, waɗansu har ta makantar da su. Ba ta san sarki ba, ba ta san talaka ba. Ita ce ta kashe Sarkin Faransa, Louis na 15, cikin shekara ta 1774. Amma yau babu agana ko'ina cikin duniya. Mutumin da ya buɗe hanyar kawar da ita wani likitan ƙauye ne na ƙasar Ingila, sunansa Edward Jenner.

An haifi Jenner ran 17 ga watan Mayu, cikin shekara ta 1749, a wani ƙaramin gari mai suna Berkeley, a yammacin Ingila. Ƙasar wurin tana da ciyawa da yawa, mutanenta kuwa manoma ne masu kiwon shanu. Ubansa limamin Kirista ne na garin. Yana da shekara biyar uwarsa da ubansa suka rasu, ya zama maraya, wansa Stephen ya riƙe shi. Tun yana ƙarami ba abin da ya ke so kamar yawo a jeji, yana duban tsuntsaye da sheƙunansu, yana tara duwatsu masu ban mamaki.

A lokacin nan mutane sun riga sun lura da abu guda game da agana, watau wanda ya yi ta sau ɗaya ya tashi, ba ta sāke kama shi. Saboda haka a ƙasar Sin, da Indiya, da Turkiyya, da waɗansu ƙasashen Afirka, aka daɗe ana yin wata dabara. Sai a ɗebo mugunya kaɗan daga ƙurjin mai agana, a tsaga fatar lafiyayye a shafa masa, don ya yi ciwon da sauƙi ya huta. An fara yin wannan dabara a Ingila cikin shekara ta 1721. Tana da amfani, amma tana da haɗari. Cikin mutum ɗari da aka yi wa, ɗaya ko biyu sukan mutu. Banda haka, wanda aka yi wa yana iya ɗaukar ciwon ya kai wa mutanen gidansu.

Jenner kansa an yi masa ita yana da shekara takwas. Kafin a yi, sai da aka rage masa abinci kwana da kwanaki, aka yi ta zubar masa da jini, aka ba shi maganin wankin ciki, gama likitocin zamanin suna tsammani haka ne daidai. Sa'an nan aka tsare shi a wani ɗaki tare da waɗansu yara har suka warke. Ya tashi, amma bai manta da wahalar da ya sha ba har tsufansa.

Da ya kai wajen shekara 14, aka kai shi koyon aikin likita wurin wani mai suna Daniel Ludlow. Ya yi shekara bakwai a hannunsa. Cikin shekara ta 1770 ya tafi Landan, ya zama almajirin John Hunter, wanda ya shahara wajen aikin fiɗa. Hunter ya koya masa wani hali wanda ya fi kowane magani amfani, watau kada ya tsaya ga zato, sai ya gwada abu ya gani da idonsa. Da Jenner ya gama karatu, bai zauna a birni ba. Ya koma Berkeley, yana hawan doki yana bin ƙauyuka, yana duba marasa lafiya.

Aikin likita bai raba shi da tsuntsaye ba. Akwai wata tsuntsuwa da Turawa ke kira kuku, wadda ba ta yin sheƙa, sai ta saka ƙwanta cikin sheƙar wata. Jenner ya yi ta fako har ya ga yadda ɗan kuku, tun idonsa bai buɗe ba, ya ke tura ƙwai da 'ya'yan mai sheƙa da bayansa, ya jefar da su ƙasa. Ya rubuta abin da ya gani, aka buga cikin shekara ta 1788. Saboda wannan aka shigar da shi babbar jam'iyyar masana ta Ingila cikin 1789.

To, shanun ƙasarsu sukan yi wani ciwo da a ke kira aganar shanu. Ƙuraje ne ke fitowa a hantsar saniya, masu tatsa kuma su ɗauka a hannu. Ba ya da ƙarfi, mutum yakan yi ɗan zazzaɓi ya warke. Manoman wurin sun daɗe suna cewa wanda ya yi aganar shanu, agana ba ta kama shi. Har wani manomi mai suna Benjamin Jesty ya shafa wa matarsa da 'ya'yansa biyu mugunyar saniya cikin shekara ta 1774, suka kuwa tsira. Amma yawancin likitoci sun ɗauka zancen ƙauyawa ne kurum. Jenner bai raina maganar ba. Shekara da shekaru yana tambayar masu tatsa, yana rubuta sunan kowa, da lokacin da ya yi aganar shanu, da abin da ya same shi sa'ad da agana ta shigo gari.

Cikin watan Mayu na shekara ta 1796, wata budurwa mai tatsa, sunanta Sarah Nelmes, ta zo wurinsa da ƙurajen aganar shanu a hannu. Ran 14 ga watan ya kira James Phipps, ɗan mai aikin lambunsa, yaro ɗan shekara takwas. Ya yi masa 'yar tsaga biyu a dantse, ya shafa mugunya daga hannun budurwar. Ran kwana bakwai yaron ya ji ciwo a hamata. Ran kwana tara ya ji sanyi, ya ƙi cin abinci. Kashegari ya tashi garau.

Saura babban gwaji. Ran 1 ga watan Yuli, Jenner ya shafa wa yaron mugunyar agana ta ainihi, kamar yadda a ke yi bisa tsohuwar dabara. In zancen manoma ƙarya ne, yaron zai kwanta, yana yiwuwa ma ya mutu, alhakinsa kuwa yana wuyan Jenner. A zamanin yau doka ba ta yarda a yi irin wannan gwaji a jikin yaro ba. Aka yi kwana da kwanaki ana duban James, ko ƙurji ɗaya na agana bai fito masa ba. Bayan waɗansu watanni aka sāke gwadawa, nan ma ba abin da ya same shi.

Jenner ya rubuta labarin ya aika wa jam'iyyar masana, suka ƙi bugawa, suka ce yaro guda bai isa shaida ba. Bai yi fushi ba. Ya jira har aganar shanu ta sāke ɓullowa cikin 1798, ya yi wa waɗansu yara, har da ɗansa Robert, jariri ɗan wata goma sha ɗaya. Cikin shekarar nan ya buga ɗan littafi da kuɗinsa, da labarin mutum 23 a ciki. Wannan sabuwar dabara ita ce Hausawa suka sani da sunan lamba.

Jenner ya ga lamba tana tsare mutum, amma dalilin bai bayyana ba sai bayan mutuwarsa, da masana suka gane ƙananan halittu ne ke kawo irin waɗannan cututtuka, waɗanda ido ba ya gani. Cikin 1882 wani masani na ƙasar Rasha, Metchnikoff, ya ga waɗansu ƙwayoyi cikin jiki suna haɗiye baƙon abu. Cikin 1890 Behring na Jamus da Kitasato na Japan suka nuna akwai wani abu cikin ruwan jini mai karya dafin cuta. Ga yadda abin ya ke.

Jikin mutum kamar birni ne mai ganuwa. Fata ita ce ganuwar. Hanci da baki da idanu su ne ƙofofi, majina da miyau da hawaye kuwa su ne masu tsaron ƙofa, suna kama ƙwayoyin cuta suna fid da su. In cuta ta sami kafa ta shiga, sai ta gamu da dakaru, watau fararen ƙwayoyin jini, waɗanda a ke yi cikin ɓargo. Waɗansunsu sukan ruga wurin nan da nan, su kewaye abokan gaba su haɗiye su. Shi ya sa miki ke yin zafi ya kumbura. Mugunya ma yawancinta gawawwakin dakarun nan ne da suka faɗi wurin yaƙi.

Akwai kuma waɗansu fararen ƙwayoyi masu aikin ƙira. Su ke ƙera makami wanda ya dace da cutar da ta shigo, kamar yadda kowane kwaɗo ke da mabuɗinsa. Makamin ƙyanda ba ya cin agana, na agana ba ya cin ƙyanda. Maƙerarsu tana cikin waɗansu 'yan ƙulla-ƙullai a wuya da hamata da matsematsi, waɗanda in sun kumbura a ke ce kaluluwa. Ciwon da James ya ji a hamata, alamar aikinsu ce. Amma ƙirar nan takan ci mako guda ko biyu, agana kuwa mai sauri ce, sau da yawa takan ci birni kafin makamai su samu. In mutum ya tsira, waɗansu daga cikin ƙwayoyin nan sukan zauna shekara da shekaru suna riƙe da kamannin abokin gaba. Ran da ya komo, tun daga ƙofa za su gane shi su gama da shi. Wannan tsari duka shi a ke kira garkuwar jiki.

To, ƙwayar aganar shanu da ta agana 'yan'uwa ne, sun yi kama ƙwarai, sai dai ta shanu ba ta da ƙarfi a jikin mutum. In an yi wa yaro lamba, dakarunsa sukan yi yaƙi mai sauƙi, su ƙera makamai, su riƙe kamanni. Ran da agana ta zo, sai ta tarar an shirya mata.

Ba kowa ya karɓi lamba da farko ba. Waɗansu suka ce ƙazanta ce a sa ciwon dabba a jikin mutum. Aka yi zane-zane na ba'a, ana nuna mutane da kawunan shanu suna tsirowa a jikinsu. Amma gani ya kori ji, gama inda aka yi lamba sai mace-mace su ragu. Cikin 1803 Sarkin Sifen ya aika jirgin ruwa da lamba zuwa ƙasashensa na Amurka. Da ya ke babu hanyar ajiye ta, sai aka ɗauki marayu 22, ana yi wa biyu biyu, ana ɗiba daga dantsen waɗannan a sa wa na gaba, har aka ƙetare teku. Napoleon na Faransa, ko da ya ke yana yaƙi da Ingila, ya sa aka yi wa sojojinsa lamba, ya kuma saki waɗansu Ingilishi da ya tsare saboda roƙon Jenner.

Jenner bai ɓoye dabararsa don ya yi arziki ba. Ya yi ta aika lamba da wasiƙu ƙasa ƙasa, har aikinsa na likita ya ja baya. Majalisar Ingila ta ba shi fam 10,000 cikin 1802, ta ƙara masa fam 20,000 cikin 1807. A lambun gidansa akwai wata 'yar bukka inda ya ke yi wa talakawa lamba kyauta. James Phipps kuwa, da ya girma ya yi iyali, Jenner ya ba shi gida ya zauna ba haya. Babban ɗan Jenner ya rasu cikin 1810, matarsa Catherine cikin 1815. Shi kuma ya rasu ran 26 ga Janairu, 1823, yana da shekara 73, aka binne shi a garinsu.

Aikinsa bai mutu tare da shi ba. Cikin 1967 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗaura yaƙi da agana gadan-gadan. Ma'aikatan lafiya suka bi birni da ƙauye da ruga a Nijeriya da Nijar da sauran ƙasashe suna yin lamba. Cikin 1970 aka ga mai agana na ƙarshe a Nijeriya. Mutum na ƙarshe da ya ɗauke ta ta hanyar yaɗuwarta ta kullum wani mai dafa abinci ne a ƙasar Somaliya, cikin 1977, ya kuwa warke. Ran 8 ga Mayu, 1980, aka yi shela ga duniya duka cewa agana ta ƙare. Tun daga nan aka daina yi wa jama'a lambarta. Dattawa da yawa har yanzu suna da tabonta a dantse. Tabon da ke dantsen yaran yau kuwa na rigakafin tarin fuka ne. Allurar ƙyanda da ɗigon shan-inna duk hanyar nan da Jenner ya buɗe su ke bi, watau a nuna wa jiki abokin gaba tun bai zo da ƙarfinsa ba. Gaskiyar Hausawa da suka ce rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. A wane gari aka haifi Edward Jenner, a wace shekara kuma?
2. Mene ne haɗarin tsohuwar dabarar tsare mutum daga agana?
3. Me John Hunter ya koya wa Jenner?
4. Don me James Phipps ya ji ciwo a hamata?
5. Yaya aganar shanu ke tsare mutum daga agana?
6. Ta yaya aka ƙetare teku da lamba cikin 1803?