Malam Abubakar Gumi: Daga Magatakarda Zuwa Alƙalin Alƙalai

'Yan'uwa, ɗalibanmu masu karatun shari'a a Jami'ar Parakou, da ƙannensu na Djougou, suna yawan tambayarmu: in an gama, ina aikin? To, mu duba rayuwar marigayi Malam Abubakar Mahmud Gumi.

Ya kammala Makarantar Shari'a ta Kano a 1947, amma bai hau kujerar alƙali nan take ba. Magatakarda ya fara yi a kotun alƙali a Sakkwato, daga nan ya koma koyarwa, har garin Maru. Wani zai ce ya baro hanya. Mu kuwa muna ganin a ajin nan Larabcinsa ya ƙara nuna, kuma Larabcin ne ya yi masa rana da ya ƙaro karatu a Sudan, ya kuma yi wa alhazai aiki a Jidda, har ya kusanci Sardauna Ahmadu Bello. Sai a 1962, bayan shekara 15, ya zama Alƙalin Alƙalan Arewacin Nijeriya.

Bayan alƙalanci ya duƙufa kan tafsiri a Masallacin Sultan Bello da ke Kaduna, ya kuma fassara Alƙur'ani zuwa Hausa. Ya rasu a Landan a 1992. Allah Ya jiƙansa.