Henri de Saussure, Mai Rarrabe Dangin Zanzaro

Duk ɗalibin da ya zauna ajin kimiyyar harshe ya sha jin sunan Ferdinand de Saussure. Kaɗan ne daga cikinmu suka san mahaifinsa, Henri, wanda ya ƙarar da rayuwarsa wajen nazarin ƙwari.

An haifi Henri a birnin Jeniba na ƙasar Suwizalan ranar 27 ga Nuwamba, 1829. A gidan ilimi ya tashi, domin kakansa, Horace-Bénédict, ya hau ƙololuwar dutsen Mont Blanc da kayan awo a 1787. Henri ya yi karatu a Jeniba, inda malaminsa Pictet ya cusa masa son ƙwari, ya zarce Faris, sannan ya sami digirin dakta a Jami'ar Giessen ta Jamus a 1854. A wannan shekara ya tafi tsibiran Karebiyan da Meziko da Amurka, bai dawo gida ba sai 1856, ɗauke da tarin ƙwari.

Cikin ayyukansa akwai wanda ya yi a kan wani dangin zanzaro da masana ke kira Scoliidae. Manya ne, masu gashi, galibi baƙaƙe da ɗigon rawaya ko ja. Ba sa gina ɗakin laka irin zanzaron da muka saba gani. Macen kan tona ƙasa ta nemo gwazarma, ta harbe ta har ta sandare, ta yi ƙwai a jikinta. Ɗan da ya ƙyanƙyashe sai ya ci ta. Wahalar tantance su ita ce namiji da mace ba sa kama da juna. Namijin siriri ne mai dogayen ƙahonni, macen kakkaura, har akan ba su suna biyu alhali jinsi ɗaya ne. Launi ma yakan yaudari mai dubawa.

Henri ya dogara ne da fiffike. Jijiyoyin fiffiken gaba sukan yanka shi gida-gida, sai ya ƙirga gidajen: masu biyu daban, masu uku daban. Daga nan aka sami sunaye irin su Discolia da Triscolia. A 1864 shi da Jules Sichel, wani likitan ido da ke zaune a Faris, suka fitar da kundin jinsunan Scolia cikin Latin. Masanan baya, musamman Betrem da Bradley, sun sake tsarin ƙwarai, domin kamannin jijiya ba kullum yake nuna dangantaka ta asali ba. Duk da haka, a ganina aikin bai faɗi ba, tunda har yau mai tantance waɗannan ƙwari yana duba fiffike.

Kada mai karatu ya ɗauka aikin banza ne. Gwazarma na cin saiwar shuka. Wajajen 1916 an kai wani jinsin wannan zanzaro daga Filifin zuwa Hawai don ya ceci gonakin rake, kuma sai an san jinsin da ya dace kafin a ɗauko shi.

Henri ya yi rubutu mai yawa a kan fara da gyare da kyankyasai, ya kuma bayyana ƙwarin Madagaska. Yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar labarin ƙasa ta Jeniba a 1858. Ya rasu ranar 20 ga Fabrairu, 1905, tarin ƙwarinsa kuma na ajiye a gidan adana tarihin halittu na birnin. Bayan shekara biyu ɗansa Ferdinand ya fara laccocin nan da aka tattara aka buga a 1916.