Ibrahim Tahir

Ibrahim Tahir (1938 – 2009), Talban Bauchi, masanin ilimin zamantakewar ɗan Adam ne, marubuci kuma ɗan siyasar Najeriya.

Karatu

Ya yi Kwalejin Barewa da ke Zariya, ya kuma yi aiki da Sashen Hausa na BBC. A King's College ta Jami'ar Cambridge da ke Ingila ya yi karatun jami'a, ya kammala digirin digirgir a shekarar 1975.

A lokacin, fitattun nazarce-nazarcen zamantakewar ƙasar Hausa na baƙi ne, irin su M. G. Smith wanda ya rubuta tarihin sarautar Zazzau a 1960. Tahir kuwa ɗan gida ne. Kundinsa ya bibiyi alaƙar malamai da 'yan ɗariƙu da attajiran Kano daga 1904 zuwa 1974, wato yadda ilimin addini da kasuwanci suka riƙa tafiya tare. Har yau masu bincike kan Kano suna kafa hujja da shi.

Aiki

Ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello, har ya shugabanci sashen nazarin zamantakewa. An san shi da kare sarautar gargajiya, abin da ya sa ya sha yin muhawara da malamai masu ra'ayin sauyi kamar Yusufu Bala Usman.

Yana cikin waɗanda suka kafa jam'iyyar NPN. Ya zama minista a gwamnatin Shehu Shagari a 1983, amma sojoji suka kifar da ita a ƙarshen shekarar. A 1984 aka buga littafinsa na ƙagaggen labari da Turanci, The Last Imam. Ya rasu a watan Disambar 2009.