Malam Aminu Kano: Malamin Makaranta Kuma Mai Tsara Wasan Kwaikwayo

Idan aka ambaci marigayi Malam Aminu Kano, abin da ke fara zuwa zukatan 'yan uwanmu da ke zaune a Legas da Kaduna da Abuja shi ne NEPU da PRP da gwagwarmayar talakawa. Mu da muka tsufa da alli a hannu, akwai wani ɓangare na rayuwarsa da muke ganin ana neman mantawa da shi, wato hidimarsa ga wasan kwaikwayo.

An haifi Malam a unguwar Sudawa cikin birnin Kano a shekarar 1920. Mahaifinsa, Malam Yusufu, masanin shari'a ne da ya yi aiki a kotun alƙali. Bayan karatun allo da Midil ta Kano, ya shiga Kwalejin Kaduna, kuma a can ne ya soma rubuta wasanni yana shiryawa tare da 'yan uwansa ɗalibai. Ɗaya daga cikinsu a kan kasuwar Kano aka gina shi, yadda wayayyun birni ke cutar baƙauye idan ya shigo da ɗan abin hannunsa. Wani kuwa sunansa Ƙarya Fure Take Ba Ta 'Ya'ya. A zamanin da talaka ba ya iya ɗaga ido ya dubi hakimi, sai ga yara a kan dandali suna kwaikwayon mai karɓar haraji da ɗan doka, jama'a na dariya, amma kowa ya san inda aka dosa. A ganinmu, a nan ne Malam ya koyi yi wa talaka magana da harshen da yake ji.

A 1942 aka tura shi koyarwa Midil ta Bauchi, inda ya haɗu da Malam Sa'adu Zungur da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa. Bai bar wasan ba. Da shi yake koyar da yara. Ya tafi Ingila ƙaro ilimi a 1946, daga baya aka kai shi makarantar horon malamai ta Maru. A 1950 ya ajiye koyarwa ya rungumi siyasa gaba ɗaya. Ya shiga majalisar tarayya a 1959, ya riƙe muƙamin kwamishinan tarayya a zamanin Janar Gowon, ya kuma tsaya takarar shugaban ƙasa a 1979.

Abin da ke damunmu shi ne wasannin nan ba su sami gatan ɗab'i ba, kamar yadda Wasan Marafa na Abubakar Tunau ko Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi suka samu har aka karanta su a aji. Waɗanda suka fito a cikinsu kuwa kusan duk sun kwanta dama. Duk wanda ya gaji akwatin takardun wani tsohon ɗalibin Kaduna ko Bauchi, muna roƙonsa ya buɗe ya duba kafin gara ta riga shi.

Malam ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983, aka binne shi a gidansa na Mumbayya da ke Gwammaja. Allah Ya jiƙansa da rahama, amin.